Gajiyar da Ta Ƙi Sakina a Nima

Tun da na dawo daga Ankara, babban birnin Gana, bakina bai huta ba. A masallaci ana tambayata, a rumfa ana tambayata, har mai shayin bakin layinmu sai da ya riƙe mini kofi ya ce ba zai sake ba sai na faɗa masa ko gaske ne a can har koko inji ke damawa. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu kowa yana ɗaukar nasa yana ƙara masa gishiri. Ga shi nan gaba ɗaya, wanda ya sake tare ni sai in miƙa masa.

Ni dai fataucin goro na gada. Mahaifina Malam Inuwa, Allah ya jiƙansa, duk shekara yakan je Ankara ya sauka a Nima, unguwar Hausawa da sauran Musulmi, a gidan Alhaji Sidi. Alhaji Sidi fatoma ne, wato mai masaukin fatake: ya ba ka ɗaki, ya ciyar da kai, ya nemo maka goro, ya tsaya maka a ciniki. Ni rabona da gidan tun ina saurayi mai ɗaukar wa mahaifina buta. Da kasuwa ta dawo hannuna sai na koma kiran Alhaji a waya, shi kuma ya aiko. A 'yan shekarun nan ne abin ya canza. In kira, a yi gaisuwa har katina ya kusa ƙarewa, ya ce in sha Allahu, sai in ga an aiko mini da minu, ƙananan goron nan da ko a gidan suna ana jin kunyar rabawa. Farar marsa kuwa, manyan nan da ake kaiwa ɗaurin aure, na daina ganinta.

Bana wani attajiri a Kano zai aurar da 'ya'yansa a rana ɗaya, gidan da tun zamanin mahaifina mu ke kai musu goro. Wakilinsa bai ɓoye mini ba, ya ce in babu farar marsa za su duba wani wuri. Wanda ya san kasuwarmu ya san in gida irin wannan ya bar ka, sauran ma bin sa suke yi. Sai na ce da ƙafata zan je, kamar yadda mahaifina yake yi. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, mutane suna sayen mota ta waya, kai za ka ƙetara ƙasashe sayen goro?" Na ce mata ba ta san sana'ar ba, goro da mutunci ake sayensa. Ta ce to Allah ya tsare, ta sa mini dambun nama a jaka.

A motar Ikko na zauna kusa da wani magidanci mai gilashi, kwamfuta a cinya, wanda ya shafe hanya yana ɗaga waya ta taga yana farautar sabis. Na tambaye shi aikinsa. Ya ce wani kamfani yake yi wa aiki a ƙasar da bai taɓa zuwa ba, yana koya wa inji gane hotuna. Ya nuna mini. Hoto ya fito, ya danna cewa akuya ce. Wani ya fito, ya danna cewa ba akuya ba ce. Na ce, "Yanzu kai da digirinka wannan kake yi?" Ya ce, "Baba, ai ci gaba kenan. Nan gaba injin zai gane akuya da kansa." Na ce, "To idan ya gane fa, kai sai me?" Ya gyara gilashi ya ce ba su kai nan ba tukuna. Na ba shi dambu, ya ci da hannu ɗaya yana danna akuya da ɗayan.

Daga Ikko zuwa Ankara sai an ratsa ƙasa biyu, kowace da bodarta da yarenta. A ɗaya daga cikinsu aka ce kowa ya ɗora babban yatsa a kan wani ɗan gilashi. Na ɗora, fitila ta kawo ja. Na sake, ja. Shekara da shekaru ina wanke goro ina murza shi, ashe zanen yatsana ya shafe ban sani ba. Ma'aikaciyar ta ce in goga yatsan a goshi. Na goga har goshina ya yi zafi. Wata Bayarabiya mai fataucin atamfa da ke bayana ta fito da man kaɗe ta shafa mini da kanta tana faɗa da yarenta, wanda ko ban ji ba na san ba addu'a take yi mini ba. Layi ya kai waje, ma'aikaciyar kuma tana ta yi mana bayani cewa tun da aka kawo injin nan aiki ya yi sauri. Aka bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe ɗan ƙaramin yatsana na hagu, wanda bai taɓa yi mini aikin komai ba a duniya, shi injin ya amince da shi, shi ya shigar da ni ƙasar mutane.

Abu na farko da na lura da shi a Gana shi ne kowa da "filis", wato "don Allah" ta Turanci, yake fara magana. Mai tasin da ya ɗauke ni daga tasha ya leƙa ta taga zai zagi wani direba, sai da ya fara ce masa filis. A Kano in za a zage ka ba a neman izininka. Shi wannan mai tasi ba ya tambayar kowa hanya, wata murya ce a wayarsa take juya shi. Ta kai mu bakin babbar kwatar Nima ta ce mun iso. Na ce ni dai a sanina Alhaji Sidi ba a cikin kwata yake zaune ba. Mai tasi ya ce filis, waya ba ta ƙarya, ya sauke mini jaka.

Wata mai koko ce ta cece ni. Mai shayinmu ya saurara: ba inji ke damawa ba, ita ke damawa, injin rufe bakin kofi kawai yake yi da leda. Amma ciniki ne na ban mamaki. Masu babura da akwatuna a baya sun yi layi, waya tana ƙara, tana zubawa, inji yana rufewa, suna kwasa suna kai wa ma'aikatan ofis. Na fara gaishe ta yadda ake gaida babbar mace, ban kai ga tambayar yara ba ta katse ni. "Filis Alhaji, taim babu. Sidi mai goro? Miƙe, ka ga masallaci kore, sha kwana. Mata na ya san gidan, amma shi ma ya na bizi." Matar da take nufi 'yar aikinta ce. Hausarsu ta Zango haka take, ba ruwanta da mace ko namiji, ga Turanci da Tuwi, yaren can, a cakuɗe, amma ba a daɗe ba kunnena ya saba.

Gidan yana nan yadda na san shi, ɗakuna a jere kewaye da tsakar gida. Sai dai ɗakunan da na sani cike da fatake da huhunan goro yanzu masu gyaran waya ne ke haya a ciki. Guda ɗaya aka bari a kulle. Alhaji Sidi ya fito yana dogara sanda, dogo, ya ranƙwafa, gemu fari fat. Na durƙusa na faɗi sunana. Ya riƙe kaina da hannu biyu ya ce, "Ɗan Inuwa! Da ƙafarka?" Sai hawaye. Ni ma idona ya cika, don Hausar bakinsa irin ta kakata ce, wadda ko a Kano an daina ji. Ya sa aka buɗe ɗakin nan, aka kakkaɓe katifa, warin rufi yana tashi. Da na sha ruwa na ce, "Baba, dama maganar farar marsa ce ta..." Ya ɗaga hannu. "A gidan nan ba a zancen kaya sai gajiya ta saki baƙo. Haka na yi wa ubanka." Na ce to. Abin da na manta na tambaya shi ne wa ke tantance tafiyar gajiyar.

Abinci kam na ci. Da safe wakye, wato wake da shinkafar nan tamu ce ta je Gana ta yi arziki: an jibga mata taliya da garin rogo da ƙwai da ganda, ga wani baƙin yaji da suke kira shito wanda ya sa na tuna da zunubaina. Da rana tuwon zafi da miyar ayoyo, ana ambatonsa da girmamawa kamar mai sarauta, alhali tuwo ne dai. Dokunu kuwa, dunƙulen masarar nan mai tsami da ake ci da kifi da barkono, sau ɗaya na gwada, ni da cikina muka yi yarjejeniyar ba za a sake ba.

Kullum da safe in na je gaisuwa sai in ce, "Baba, gajiya ta bi lafiya." Sai ya matso ya leƙa idona kamar mai duba goro ya ce, "Tana nan. Ga ta can a ƙasan ido." Daga nan ya sa babbar riga, ya riƙe hannuna, mu fita gaishe-gaishe. Mun zaga Nima, mun shiga Mamobi, har Sabon Zango sai da muka je a tasi. Duk zauren da muka shiga, bayan na bi mutane da musabaha daga dama zuwa hagu yadda suke yi, sai Alhaji ya gyara murya ya ce, "Falke ne. Daga Kano. Da ƙafarsa ya zo, a gidana ya sauka." Tsofaffi su yi ta kabbara suna shafa hannun rigata. Wani matashi har hoto ya ɗauke ni ya ce zai nuna wa abokansa, don shi a labari kawai yake jin fatake. Da farko abin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba, don a Kano ba wanda ya taɓa yin kabbara saboda ya gan ni. Amma kowane yamma saƙon wakilin attajiri yana shigowa wayata: ina aka kwana?

Wata maƙwabciyarsu Ba'asantiya, Anti Akos, ta ba ni labarin cewa su a al'adarsu da baƙo ya sha ruwa ake tambayarsa abin da ya kawo shi, ko da an sani. Ban taɓa jin kishin al'adar wasu ba sai ranar.

A tsakanin nan nake ganin giftawar jikar Alhaji, Memuna, mace mai shekara talatin da wani abu, wadda mahaifinta ya rasu ya bar mata kula da siton goro. Kullum da wani abu maƙale a kunnenta tana magana da mutanen da ba a gani. Ko gaisuwarta a rabe take. Ta durƙusa ta ce, "Kawu, an tashi lafiya? A'a, ba kai ba, kai ka loda motan. Kawu, ya baƙunta?" Ta tsokani kakanta, "Angona, yau ma yawo za a kai baƙo?" Ya ce, "Tafi can, na sake ki tun da kika auri waya." Sau ɗaya ta ce in zo sito in gani. Alhaji ya ce baƙo ba ya zuwa sito, sito ke zuwa wajen baƙo. Ta buɗe baki za ta yi magana, wayarta ta yi ƙara, ta fita da gudu.

Da na ga biki yana matsowa gajiya kuma ta ƙi tafiya, sai wata rana bayan azahar, Alhaji yana ƙailula, na saci jiki na hau torotoro, ƙananan bas ɗinsu, zuwa Mamobi.

Sitona na ƙuruciya tsakar gida ne cike da mata, suna tsintar goro suna waƙa, ana canza ganyen fita da ake naɗe shi, ana yayyafa ruwa. Wannan kuwa ɗaki ne mai sanyi kamar firij. Goro yana tafiya a kan wani bel, wata kyamara tana kallonsa daga sama, iska tana hure kowanne zuwa kwandonsa: babba nan, ƙarami can, fari daban, ja daban, mai sankara, wato wanda tsutsa ta ci, a gefe. Na ce bari in kunyata injin nan. Na ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda ya ƙi, na juya shi, na shinshina, sumul ƙalau. Na ce, "Memuna, injinku ya zubar da goron kirki." Ta ce, "Fasa, Kawu." Na fasa. Tsutsa ta ɗago kai ta dube ni. Na mayar da shi kwando ban sake gwadawa ba.

Ta zaga da ni tana bayani. Manoma daga daji suke turo hoto, masu saye su gani a wayarsu, kafin mota ta baro gona an sayar da kayan. Ɗakin sanyi ya raba su da canza ganye. Ta ce aikin da kakanta yake yi a wata, yanzu kafin la'asar an gama. Na ce, "To ina matan da suke tsinta?" Ta ce, "Wasu suna manna takarda a kwali. Sauran suna sayar da ruwa a titi." Ta faɗa ba tare da ta dube ni ba. Na lura da kwanon abincinta a kan tebur, tun na safe, an ci loma biyu an bari. Injin ya rage musu aiki sosai, sai dai ban ga wanda aka ba lokacin da ya ragu ba.

Daga nan na faɗi abin da ya kawo ni. Ta danna waya, ta dafe ƙirji. "Kai, Kawu! Farin marsa? Ya tafi. Washegarin zuwanka ya tafi duka." Wani mutum ne a Injamena ya saya, ba su taɓa ganinsa ba, hoton da ke kan sunansa ma na fure ne. Wani kayan sai wata mai zuwa, wato bayan an ɗaura auren an watse. Ta ce, "Don me ba ka faɗa ba?" Na ce, "Ana jiran gajiya ta sake ni." Na nemi kwali na zauna. A nan na san na rasa gidan attajiri.

Ita kuwa, da zuciya ɗaya, don ta faranta mini, sai ta ce, "Amma Kawu, zuwanka ya yi mana amfani wallahi. Kullum tsoho sai ya zo nan ya sa a tsayar da bel ya ɗanɗana. Manomi ya kira, ya karɓe waya ya gaishe shi har kaji. Ya ce kar a sayar wa wanda bai ci tuwon gidansa ba. Tun da ka zo bai leƙo ba, aiki na gudu kamar ruwa. Filis, baɗi ka sake zuwa lokacin kaka, ni zan biya mota." Na dube ta. Na ƙetaro ƙasashe a matsayin falke ɗan falke, ashe aikin da na samu shi ne raino. Na ce, "Shi Alhajin ya san an sayar?" Ta ce, "Ranan na faɗa masa. Na ce ko baƙonka na so? Ya ce ba a tambayan baƙo." Ta ƙara da cewa, "Ai ko ya ce a ajiye, Kawu, ba a iya ajiyewa. Abin cikin wayan nan, shi da kansa yake sayarwa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na koma ban ci tuwon zafin kowa ba, na haɗa jakata, na shirya maganar da zan faɗa wa tsohon nan da safe, har da ta mutuncin mahaifina da ya ci.

Da hantsi aka aiko kirana zaure. Na tarar an shimfiɗa sabuwar tabarma. Alhaji ya sha rawani, tsofaffi biyu daga cikin waɗanda muka gaisar suna zaune a gefensa, su ma da manyan riguna. A gabansa ɗan faranti ne da farar marsa 'yan ƙwaya, samfur. Ya leƙa idona ya ce, "Ɗan Inuwa, yau gajiya ta tafi. Me ke tafe da kai?"

Na buɗe baki da maganar da na kwana da ita. Sai ya turo farantin gabana. Ya dube ni, na dube shi. Ya san na je sito, a Nima ba a ɓoye tafiyar baƙo mai babbar riga. Ya san na sani. Tsofaffin nan biyu kuwa sun miƙo wuya suna jira, kamar yaran da aka ce za a ba su tatsuniya. Tausayi ya kama ni, fushin ya rasa wurin zama.

Na ɗauki goro ɗaya, na juya shi, na gatsa, na yatsina fuska. Na ce, "Baba, bana goron bai yi ba."

Fuskar tsohon nan ta washe. Ya buga sanda a ƙasa. "Bai yi ba? Ku ji mini ɗan Inuwa! Ubanka ma haka yake, ya ga goro kamar ƙwan zabi ya ce bai yi ba. To taya mu ji." Na taya. Ya ce albarka, ya kawar da kai. Na ƙara kaɗan. Ya ce da in ba shi wannan gara ya zuba wa awaki. Na kawo kukan hanya da boda da faɗuwar Naira, ya kawo kukan manoma da ƙarancin ruwa. Na miƙe na sa takalmi na ce na fasa, tsofaffin suka riƙe mini riga suna cewa haba Malam, a duba zumunci. Masu gyaran waya suka bar aikinsu suka cika ƙofa, Anti Akos ta leƙo ta katanga. Ban taɓa yin ciniki mai zafi irin wannan ba a rayuwata, kuma a kan goron da a lokacin wataƙila ana tauna shi a Injamena. Malamai su yi mana afuwa, ni dai na kiyaye ban rantse ba, na lura shi ma bai rantse ba.

Ana gab da kiran azahar ya yi ajiyar zuciya ya miƙo hannu. "Don darajar Inuwa. Na sallama." Aka yi kabbara, aka shafa addu'a, aka raba samfurin aka ci. Tsofaffin suka fita suna gaya wa mutanen ƙofa cewa haka ake ciniki, ba danne-dannen nan ba.

Zaure ya rage daga ni sai shi. Ya daɗe yana kwance rawaninsa a hankali, yana naɗe shi a gwiwa. Bai ɗago ba ya ce, "Ka je wajen yarinyar nan ta sa maka abin sayen goron nan a wayarka. Wani kayan yana zuwa, kada ya sake wuce ka." Ya ajiye rawanin. "Kada ka ce ni na aiko ka."

Na je. Ta zuba mini shayi, ta karɓi wayata, kafin shayin ya huce ta gama. Washegari na kama hanyar gida.